Zuwa Ga Ƙanena, Kan Jarirai da Jam'iyyun Amurka

Bronx, New York
Agusta 2025

Ƙanena,

Ya jikin Inna? Ka ce ƙafar ta yi sauƙi tun da aka sauya mata magani, Allah ya ƙara afuwa. Ya damina? Na san yanzu a Jos ba mai fita da asuba ba rigar sanyi.

Na ji saƙon muryarka, har da hayaniyar 'yan majalisarku a bayansa. Na ga idan na ce zan amsa da murya wayarka za ta cika, kuma na san halinka, rabi za ka saurara ka kai wa mutane. Shi ya sa na zauna na rubuta. Abu biyu ka tambaya. Wai da gaske ne Trump ya hana jariran baƙi zama 'yan ƙasa, domin abokin nan naka mai shagon kayan gini yana shirin turo matarsa ta haihu a nan. Sai kuma gardamar da kuka raba dare kuna yi wurin mai shayi, wai Republican jam'iyyar masu ƙin baƙar fata ce, Democrat kuma ta masu sonmu.

Ga yadda abin yake. Ranar da aka rantsar da shi, 20 ga Janairun bana, ya sa hannu a kan wani umarni da ya ce jaririn da aka haifa a nan ba zai zama ɗan ƙasa ba idan uwarsa ba ta da takardun zama, ko kuma zamanta na wucin gadi ne, kamar 'yar makaranta ko mai bizar aiki ko ta ziyara, sai fa idan uban ɗan ƙasa ne ko yana da katin zama na dindindin. Ka lura da na biyun nan, don shi ne mutane ba sa kamawa. Likitan da ya taso daga Zariya da bizar aiki, ana cire masa haraji duk wata, shi ma ɗansa yana ciki. Kwana uku da sa hannun, wani alƙali a Seattle mai suna John Coughenour, dattijo ne da Shugaba Reagan ya naɗa, ya dakatar da umarnin, ya ce karan-tsaye ne ƙarara ga tsarin mulki. Jihohi 22 ne suka kai ƙara. A ƙarshen Yuni Kotun Ƙoli ta yi wani hukunci, jaridu suka ɗauka cewa Trump ya yi nasara, ina jin daga nan ne labarin ya iso muku a karkace. Abin da alƙalai 6 cikin 9 suka yanke shi ne alƙali guda ba shi da hurumin ɗaure ƙasa gaba ɗaya don wasu 'yan tsirarun mutane sun kawo ƙara gabansa. Ainihin maganar ba su taɓa ta ba. Nan take lauyoyi suka sake shigar da ƙarar a madadin duk jariran da abin ya shafa, wani alƙali a New Hampshire ya sake taka wa umarnin burki ranar 10 ga Yuli. To a yau da nake rubuta maka, duk jaririn da ya faɗo a ɗakinmu ɗan Amurka ne. Gobe kuwa tana hannun Allah, sannan tana hannun alƙalai taran nan.

Ni da nake aiki a ɗakin masu jego, ga yadda nake ganin zama ɗan ƙasa yana faruwa. Washegarin haihuwa wata ma'aikaciya takan shigo da fom. Sunan jariri, sunan uwa, sunan uba, inda aka haifi kowannensu, sai wani ɗan akwati da za a yi wa alama idan ana son lambar gwamnati ta yaron ta zo ta gidan waya. Babu layin da ya ce da wace biza kika shigo. Rigimar da muka saba sha da matanmu ita ce ta suna, don asibiti ba ya jiran kwana bakwai, sai ka ga maigida a baranda yana buga waya gida, ana tashin tsoho daga barci a tambaye shi sunan da za a sa. Bana rigimar ta sauya. Kwanakin baya wata yarinya 'yar zangon Kumasi, da ta ji ina Hausa, ta kama min gefen riga, biro a hannunta ta kasa rubutu. Ta ce, "Anti, in na rubuta Gana a nan, za su zo su karɓe masa takardar?" Na ce mata ta rubuta gaskiya, babu abin da ya canza. Ta rubuta, amma sai da ta sa na tsaya a kanta har ma'aikaciyar ta fita da fom ɗin.

Wannan fom ɗin da ba ya tambayar takardar uba yana da tarihi, kuma tarihin ne zai raba muku gardamar mai shayi. Wani bawa mai suna Dred Scott ya kai ƙara yana neman 'yancinsa. A 1857 Kotun Ƙoli, ƙarƙashin Roger Taney, ta ce masa ai ba shi ma da bakin kai ƙara, domin baƙar fata, bawa ne ko ɗa, ba ɗan ƙasa ba ne kuma ba zai taɓa zama ba. Mutanen da kakanninsu suka yi fiye da shekara 200 suna noma wa ƙasar taba da auduga kenan. Aka yi yaƙin basasa, aka soke bauta, sai waɗanda suka ci yaƙin suka ga cewa idan suka bar maganar a matsayin doka ta majalisa, wata majalisar za ta zo ta goge. Shi ya sa suka kafe ta a cikin tsarin mulki, gyara na 14, a 1868: duk wanda aka haifa a ƙasar, yake kuma ƙarƙashin ikon dokarta, ɗan ƙasa ne. Kuma sun san abin da suke rubutawa. A muhawarar 1866 wani sanata daga Pennsylvania, Edgar Cowan, ya miƙe ya ce yanzu har ɗan Basinen da ke Kalifoniya sai ya zama ɗan ƙasa? Sanatan Kalifoniya ɗin, John Conness, wanda shi kansa a Ireland aka haife shi, ya ce ƙwarai kuwa, haka ake nufi.

An gwada maganar a kan wani kuku mai suna Wong Kim Ark. A San Francisco aka haife shi, iyayensa 'yan Sin ne, tun kafin dokar 1882 ta rufe wa leburorin Sin ƙofa, ta kuma hana waɗanda ke ciki neman zama 'yan ƙasa. Ya je ganin dangi, da ya dawo a 1895 aka hana shi sauka. Watanni ya yi a tsare cikin jiragen ruwa, yana hango garin da aka yanke masa cibiya. A 1898 Kotun Ƙoli ta ce ɗan ƙasa ne, alƙalai 6 a kan 2. A kan wannan hukuncin ake zaune har yau. Lauyoyin gwamnatin yanzu suna cewa iyayen Wong zaunannu ne da izini, don haka hukuncin bai shafi wanda ya tsallako ta ɓarauniyar hanya ko ya zo ziyara ba, wai shi biyayyarsa tana ga wata ƙasa, bai cika sharaɗin zama ƙarƙashin ikon doka ba. Ni ba lauya ba ce, amma na ga baƙon haure da ankwa a hannu, ɗan sandan New York ne ya sa masa, alƙalin Amurka ne ya ɗaure shi. Wanda doka ba ta iya taɓawa shi ne jakada, kuma da ma 'ya'yan jakadu ba sa ciki. Waɗanda aka fi zalunta da wannan sharaɗin su ne jajayen Indiyawa, masu ƙasar na asali, da sai a 1924 aka yarda su ma 'yan ƙasa ne.

To zo mu je ga jam'iyyu. Ka gaya wa mutanenka cewa gyara na 14 ɗin nan da Trump yake son ragewa, jam'iyyarsa ce ta rubuta shi. Republican ita ce jam'iyyar Lincoln. Democrat ta wancan zamani ita ce ta masu bayi na kudu, kuma a kundin manufofinta na zaɓen 1868 kuka take yi wai ana son ɗora baƙar fata a kan farare. Bayan shekara takwas, a 1876, dukansu biyun suka sa 'yan Sin a gaba: Democrat ta ce a hana wannan jinsin shigowa, Republican ta ce majalisa ta binciki illarsu ga tarbiyyar ƙasa. Ƙuri'un Kalifoniya kowa yake nema. Sai bayan da Shugaba Johnson, ɗan Democrat daga Texas, ya sa hannu a dokar 'yancin baƙar fata ta 1964 da ta shige da fice ta 1965, wadda ta buɗe wa irinmu 'yan Afirka da Asiya ƙofa, sannan fararen kudu suka riƙa sulalewa zuwa Republican, jam'iyyun suka yi musayar magoya baya.

Ko a zamaninmu layin bai miƙe ba. Wanda ya kawo ƙudurin hana 'ya'yan baƙin haure zama 'yan ƙasa a majalisar dattawa a 1993 ɗan Democrat ne, Harry Reid, wanda daga baya ya zama jagoransu a majalisar. Ya janye, ya nemi afuwa, ya ce matarsa ce ta tuna masa cewa ubanta ma baƙo ne. A 1996 Republican ta sa maganar ƙarara a kundin manufofinta, amma ɗan takararta Bob Dole ya ce shi bai ma karanta kundin ba. A shekarar dai Clinton ya sa hannu a dokar da har yau take hana wanda ya wuce wa'adinsa dawowa na shekara uku ko goma. Obama da kuka yi wa murna har da yanka kaji, a 2012 kaɗai gwamnatinsa ta kori mutum sama da dubu 400, har masu kare baƙi suka laƙaba masa sarkin kora. A zaɓen bara kuma, wata ƙaramar hukuma a Texas mai suna Starr, wadda kusan kowa a cikinta jinin Meziko ne, ta zaɓi Trump bayan fiye da shekara 100 tana bin Democrat. Dearborn ta Larabawa ma ta ba shi rinjaye saboda haushin Gaza, magajin garin Hamtramck, Musulmi haifaffen Yaman, ya hau mumbari ya mara masa baya.

Kada ka ɗauka ina cewa duk kanwar ja ce. Ba haka nake gani ba, kuma zan gaya maka dalili.

Da farko zan yi wa masu son a sauya dokar adalci. Akwai wadda muke aikin dare tare, baƙa ce wuluk, 'yar Jamaika, ta bi layi shekara da shekaru kafin ta samu takardunta, ta rabu da 'ya'yanta suna ƙanana. Ita tana goyon bayan umarnin. Ta ce ba daidai ba ne mai kuɗi ya sayi tikiti ya zo ya haifi ɗan ƙasa ya koma, ita kuwa ta ƙare ƙuruciyarta a layi. Ba zan iya kallon idonta in ce mata mai wariyar launin fata ba. Kuma hujjarta tana da ƙafa. Ƙasashen da ke ba da wannan haƙƙin ba tare da sharaɗi ba talatin da 'yan kai ne, yawancinsu a nahiyar Amurka, irin su Kanada da Meziko da Brazil. Birtaniya ta rufe nata daga farkon 1983, Australiya a 1986, Ireland ta yi ƙuri'ar raba gardama a 2004, kusan kashi 80 cikin 100 suka ce a rufe. (Kemi Badenoch da ke jagorantar 'yan mazan jiyan Birtaniya tana ta kiran a tsaurara, a Landan aka haife ta a 1980, shekara uku kafin a ja ƙofar, aka mayar da ita Legas ta girma. Na bar maka wannan ka juya.) Saboda haka ra'ayin shi kaɗai, a kan takarda, ba ya isa a yanke wa mutum hukunci.

Amma ra'ayi ba ya zuwa shi kaɗai, yana zuwa da bakin mai shi da aikinsa. Mutumin da ya sa hannu a umarnin nan shi ne ya shafe shekaru yana cewa ba a Amurka aka haifi Obama ba. Shi ne a ƙarshen 2023 ya ce baƙi daga Afirka da Asiya suna zuba wa jinin ƙasar guba. Shi ne a muhawarar bara ya ce 'yan Haiti na garin Springfield suna cinye karnuka da magen mutane, bayan hukumomin garin sun ce babu wannan labarin. Kundin jam'iyyar na 2024 ya kira shigowar baƙi mamaya, ya yi alƙawarin kora mafi girma a tarihin ƙasar. Sannan a watan Mayun bana, lokacin da aka rufe shirin 'yan gudun hijira ga 'yan Sudan da Kwango da suka gama duk wani bincike suna jiran jirgi, sai ga jirgi guda an ɗauko fararen Afirka ta Kudu, manyan jami'ai suka je filin jirgi tarbarsu. Ni ban san abin da ke zuciyar kowa ba, wannan sai Allah. Abin da idona ya gani kenan, kuma da shi nake hukunci.

Abin da ya fi damuna ma ya wuce bakin Trump, don shi zai tafi. Idan aka sauya dokar, takardar haihuwa ta daina isa ke nan. Sai kowane jariri ya nuna ta uwarsa ko ta ubansa, su kuma su nuna ta nasu iyayen. To wa za a tambaya? Ka san ba za a tsare Baturiya mai sunan Turawa a ce ta kawo shaida ba. Mai lulluɓi za a tsare, da mai suna irin namu, da wanda Turancinsa ya karkace. Jamhuriyar Dominika ta bi wannan hanyar: a 2013 kotunta ta koma baya har zuwa 1929 ta cire jikokin 'yan Haiti masu yankan rake daga 'yan ƙasa, mutanen da ba su taɓa taka Haiti ba suka wayi gari ba su da ƙasa ko ɗaya. Waɗanda suka rubuta gyara na 14 sun ga irin wannan da idonsu, shi ya sa suka ɗauke tambayar daga hannun duk wanda ya ci zaɓe, ko da kuwa jam'iyyarsu ce.

Kai kuwa ba sai na kai ka Dominika ba. Kaka ya zo Jos aikin kuza tun zamanin Turawa. A nan aka haifi Baba, a nan aka haife mu, a nan ka haifi naka. Ka tuna lokacin da nake neman gurbin makarantar jinya aka ce in kawo takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma? Ka tuna amsar da muka samu a ofishin nan, da yadda Baba ya ɗauke ni a mota muka tafi ƙauyen da ban taɓa kwana ba, mai unguwa yana tambayar tsofaffi ko akwai wanda ya tuna Kaka? Ka san jinin da aka zubar a 2001 da 2008, kuma ka san wannan tambayar ta wane ne ɗan gari tana ƙarƙashinsa. Laifi tudu ne, ƙanena. Tsarin mulkinmu na 1999, sashe na 25, bai san haihuwa a ƙasa ba, jini ya sani: sai in uwa ko uba ko kaka ɗan Najeriya ne. A 1980 gwamnatin Shagari ta ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, ɗan jam'iyyar adawa, ta ajiye shi a Chadi wai ubansa ɗan can ne, sai kotu ce ta dawo da shi. Gana ta kori mutanenmu na zango a 1969, har da waɗanda can aka haife su, mu ma muka kori 'yan Gana a 1983, har jakar da suka kwashi kayansu a ciki ta samu suna. Kuma kafin ka ce mu aka fi zalunta, je ka tambayi Inyamurin da aka haifi ubansa a Sabon Garin Kano ko ɗansa yana samun takardar a can. Idan za ku ci gaba da gardamar wurin mai shayi, ku sa wannan a ciki, in ji wanda zai fara yin shiru.

Shi kuwa abokinka, ka gaya masa gaskiya. Tun Janairun 2020 aka ba ma'aikatan ofishin jakadanci ikon hana biza idan suka ga haihuwa ce babban dalilin tafiyar, kuma a Yulin 2025 suka mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga ɗaya, wata uku. Idan matar ta ɓoye cikin aka gano, ƙarya ce a gaban hukuma, tana iya rufe mata ƙofa har abada. Kuɗin asibitin nan ba wasa ba ne, balle in aka kai ga tiyata ko jariri ya shiga kwalba, kuma wanda ya gudu da bashi sunansa na nan yana jiransa. Yaron ba zai iya nema wa iyayensa takarda ba sai ya cika shekara 21. Sannan Amurka tana bin ɗan ƙasarta haraji ko a kasuwar Terminus ta Jos yake kasuwanci. Boris Johnson da aka haifa a New York sai da ya biya su a kan gidan da ya sayar a Landan, daga baya ya mayar musu da fasfonsu. In bayan duk wannan yana nan a kan bakansa, ya nemi lauyan shige da fice na gaske, ya rabu da 'yan "zan haɗa maka" na Abuja. Kuma don Allah kada ka ba shi adireshina ya rubuta a fom.

Na turo kuɗin maganin Inna ta hannun da muka saba, ka duba ka sanar da ni. Akwai mai zuwa ƙarshen wata, ka haɗo min kuka da daddawa da yajin nan na Gwaggo, a ɗaure su da kyau, banda kilishi, don a filin jirgi suke ƙwacewa. Ka gaida amarya da yara, ka ce wa babbar ina binta bashin hoton sakamakon jarrabawarta. Ka gaida Kawu da mutanen gida gaba ɗaya.

Wassalam,
Yayarka